NA'URA BA TA GANIN RAMARKI

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta. Yau da ku nake.

A da, nan Dawakin Tofa, yarinya in ta rame har kunyar shiga gidan biki take. Yanzu kuwa ina jin 'yan mata na cewa, "Wallahi sai na rage tumbi kafin bikin Anti." Wa za a tambaya? Ba Inna ba, ba likita ba, sai manhajar hira ta waya, irin su ChatGPT ko Meta AI da aka sako cikin WhatsApp a Najeriya a 2024.

To ku saurara. A Amurka akwai ƙungiyar NEDA, mai taimakon masu ciwon ƙin cin abinci. A 2023 ta rufe layin wayar da mutane ke amsa kiran marasa lafiya, ta bar wata manhaja mai suna Tessa. Wata mata, Sharon Maxwell, wadda ta taɓa fama da ciwon, ta gwada ta. Sai Tessa ta ce ta riƙa ƙirga abin da take ci, tana hawa sikeli duk mako. Shawarar da ke ƙara rura ciwon ke nan! A ƙarshen Mayun shekarar aka dakatar da ita.

Gaskiya, da yawa cikin manhajojin yanzu in kin fito fili kin ce kin daina cin abinci, za su ce ki ga likita. Amma mai wannan ciwo ba ta fitowa fili. Cewa za ta yi gyaran jiki take so. Ita kuwa na'ura abin da kika rubuta kaɗai ta sani. Ba ta ga wuyan hannunki ba, ba ta ga tuwon da kika tura ƙarƙashin gado ba.

Ciwon, anoreksiya likitoci ke ce masa, kuma yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, don yunwa har zuciya take taɓawa. Alamominsa: kullum "na ci a makaranta", jiri, jin sanyi, zubar gashi, ɗaukewar al'ada, ga yarinya kamar sillen kara amma tana rantsuwa ta yi ƙiba.

'Yar uwa, in kin ga haka a jikinki ko jikin ƙawarki, kar ki ɓoye. Ki faɗa wa Mama, ko Yaya, ko malamarku. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau cikin ƙaramar hukumarmu yake, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba hauka ba ne, neman lafiya ne.

Iyaye kuma don Allah a daina kiran yarinya "tulu" ko da wasa. Allah Ya ba mu lafiya, amin.