Leon Fleisher: Makaɗin Da Ya Ɗauki Jinka Da Hannu Ɗaya

A shekarar 1964, wani makaɗin fiyano ɗan ƙasar Amurka mai suna Leon Fleisher, yana da shekara 36 a duniya, ya lura cewa yatsu biyu na ƙarshe a hannunsa na dama, wato ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa, sun fara lanƙwashewa suna komawa cikin tafin hannu ba da izininsa ba. Babu karaya, babu kumburi, babu wani rauni da ido zai gani. Kafin shekara ta zagayo, hannun da manyan zaurukan kiɗa na Turai da Amurka ke rububinsa ya daina bin umarnin mai shi, har rubutu ya zame masa aiki.

Na san fiyano ba kayan kiɗanmu ba ne, kuma da yawa daga masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunan mutumin ba. Na ɗauko tarihinsa ne domin ni malami ne, kuma ban san wata rayuwa da ta fito da tambayar da ke damun kowane malami a fili kamar tasa ba: mene ne ainihin abin da malami ke miƙa wa ɗalibinsa?

An haifi Fleisher a birnin San Francisco ranar 23 ga Yuli, 1928. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai, mahaifinsa kuma sana'ar huluna yake yi. Ya fara taɓa fiyano yana ɗan shekara huɗu, ya yi kiɗa a bainar jama'a yana ɗan takwas. Yana da shekara tara aka gabatar da shi ga Artur Schnabel, wanda a zamaninsa ake ganin babu kamarsa wajen fahimtar kiɗan Beethoven, kuma shi ne mutum na farko da ya naɗi dukkan sonatoci 32 da Beethoven ya rubuta wa fiyano a faifai. Schnabel ba ya karɓar ƙananan yara, amma ya karɓi wannan. A 1938 yaron ya bi shi har bakin Tafkin Como a Italiya, da yaƙi ya matso kuma aka ci gaba da karatu a New York. Kimanin shekara goma ya yi a gabansa.

A nan akwai abin da Bahaushe zai gane nan take. Schnabel ya yi karatu a wajen Theodor Leschetizky, shi kuma a wajen Carl Czerny, shi kuma Czerny almajirin Beethoven ne da kansa. Mutum uku ke nan kacal tsakanin yaron San Francisco da Beethoven, wanda ya rasu tun 1827. Mu da muka saba jin ana cewa wane ya ɗauki karatu daga wane, shi kuma daga wane, mun san darajar irin wannan silsila. Kiɗan Turawa na gargajiya rubutacce ne, kowa na iya sayen takardar ya duba. Sai dai takarda ba ta faɗin komai da komai. Tana nuna wane sauti ke bin wane, amma nauyin da za a ba kowanne, da inda jimla ke numfasawa, da tsawon shirun da ke tsakani, waɗannan daga bakin malami ake ɗaukarsu.

Ɗaukaka ta zo masa da wuri. A 1944, yana ɗan shekara 16, ya kaɗa konceto na farko na Brahms tare da ƙungiyar makaɗa ta New York Philharmonic, ƙarƙashin jagorancin Pierre Monteux. Konceto shi ne dogon kiɗan da makaɗi ɗaya ke jan gaba, ƙungiya mai mutum sittin ko fiye tana amsa masa. A 1952 ya zama Ba'amurke na farko da ya lashe gasar Sarauniya Elisabeth a Brussels, babban birnin Beljiyam. Daga nan ya haɗu da George Szell, madugun ƙungiyar makaɗa ta Cleveland, mutum mai tsananin da makaɗa ke shakka, suka naɗi konceto biyar na Beethoven da biyu na Brahms. Har yau masana na auna sababbin faya-fayai da waɗannan. Na saurari na Brahms na farko ba sau ɗaya ba, kuma abin da ke kama ni kullum shi ne rashin gaggawa: saurayi ne mai ƙarfi a hannu, amma ba ya barin ƙarfin ya riga tunani.

Sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba. Da yatsun suka fara gardama, Fleisher ya yi abin da duk mai himma zai yi, wanda kuma shi ne mafi muni: ya ƙara yawan atisaye, yana zaton rauni ne da naci zai gyara. A 1965 ana shirin tafiya rangadi Tarayyar Sobiyet tare da ƙungiyar Cleveland, Szell ya saurare shi a wajen gwaji ya ga ba zai iya ba, aka tafi aka bar shi. Likitoci suka yi ta lalube. An gwada allurai, an gwada magunguna iri-iri, wasu ma suka ce abin a zuciyarsa yake. Aurensa ya mutu, kuma shi da kansa ya bayyana daga baya cewa ya kai ga tunanin kashe kansa.

Sai bayan shekara ashirin da wani abu aka san sunan ciwon: distoniya mai kama gaɓa ɗaya. Asalinta a ƙwaƙwalwa yake. Kowane yatsa yana da gurbinsa a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da motsi da ji, kuma idan aka maimaita motsi ɗaya mai sauri sau dubbai, shekara da shekaru, iyakokin guraben nan na iya cuɗewa, sai a aika wa yatsa ɗaya saƙo biyu su amsa, ko tsoka ta ɗaure a lokacin da ya kamata ta saki. Danginta ne ke kama wasu marubuta, hannu ya ƙi riƙe alƙalami alhali yana iya ɗaukar cokali lafiya lau. Wato ƙwazon da ya kai shi ƙololuwa yana cikin abin da ake zargi da sauko da shi.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a fiyano maganar ta fi kama da gaskiya, domin maɓallai 88 ne jere, hannun hagu na riƙe da masu kauri, na dama na ɗauke da waƙar. Amma wani ya riga Fleisher shiga wannan hali. Paul Wittgenstein, makaɗi ɗan ƙasar Ostiriya, yayan shahararren masanin falsafa Ludwig Wittgenstein, ya rasa hannunsa na dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da yake gidansu akwai dukiya, sai ya biya manyan mawallafan kiɗa na zamanin, irin su Ravel da Prokofiev da Hindemith da Britten, suka rubuta masa kiɗan hannun hagu zalla. Abin sha'awa, hagu ya fi dama dacewa da zama shi kaɗai: babban yatsansa, wanda ya fi sauran ƙarfi, yana faɗawa ne ta gefen sautuka masu zaƙi inda waƙa take, sauran yatsun huɗu su riƙe ƙasa, fedar ƙafa kuma ta tsawaita sautin da hannu ya riga ya bari. Wanda ya saurari konceton Ravel ido rufe zai rantse hannu biyu ne. Da wannan gado Fleisher ya koma dandali. Har ma kiɗan da Hindemith ya rubuta a 1923, wanda Wittgenstein ya karɓa ya kulle bai taɓa kaɗawa ba, bai kuma bar kowa ya kaɗa ba, Fleisher ne ya fara fito da shi a Balin a 2004, bayan shekara 81 yana ajiye. Ya kuma koyi jagorancin ƙungiyar makaɗa, ya riƙe ta Annapolis, ya yi mataimaki a ta Baltimore.

Amma inda na fi so mu tsaya shi ne aji. Tun 1959, kafin ciwon, Fleisher ya fara koyarwa a makarantar kiɗa ta Peabody da ke Baltimore, wadda yanzu ke ƙarƙashin Jami'ar Johns Hopkins, kuma bai bar ta ba har ƙarshen ransa, sama da shekara sittin. Ya sha faɗa cewa kafin hannun ya lalace, idan ɗalibi ya yi kuskure, abu mafi sauƙi shi ne ya ture shi daga kujera ya nuna masa yadda ake yi. Da hannun ya tafi, wannan hanya ta toshe. Dole ya nemo kalmomin da za su bayyana abin da a da yatsunsa ne kawai suka sani, kuma a ganinsa hakan ya mai da shi malamin da ya fi na da nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya taɓa koyar da wani abu, ko ɗinki ne ko lissafi, ya san daɗin cewa "kawo in nuna maka". Gani ya kori ji, in ji mutanenmu, kuma nuni yana da sauri. Illarsa ita ce yakan haifar da mai kwaikwayo. Ɗalibi zai iya maimaita abin da ya gani daidai wa daida, amma ranar da aka ajiye masa abin da malam bai taɓa nunawa ba, sai ya tsaya cik. Malamin da ba shi da damar nunawa tilas ya tambayi kansa dalilin da ya sa yake yin abin yadda yake yi, kuma dalilin ne ɗalibi ke iya ɗauka ya tafi da shi wani wuri.

Cikin abubuwan da Fleisher ya riƙa koya wa ɗalibansa akwai cewa makaɗi mutum uku ne a jiki ɗaya. Na farko yana jin sautin a ransa kafin a taɓa komai. Na biyu shi ne mai taɓa maɓallan. Na uku yana zaune can gefe yana saurare, idan abin da ya fito bai yi daidai da abin da na farko ya ji ba, sai ya gaya wa na biyu ya gyara. Lura da cewa a cikin ukun nan, ɗaya ne kawai ke bukatar hannu. Ciwon ya kama na biyu, ya bar sauran biyun, kuma su ne ya shafe rabin ƙarni yana dasawa a cikin wasu. Yakan kuma ce a jinkirta sauti iyakar yadda za a iya ba tare da an makara ba, shawarar da na ga tana aiki har a wajen mai jawabi. Daga ajinsa aka sami André Watts, ɗaya daga baƙaƙen fata na farko da suka yi fice a duniya a wannan fage, da Yefim Bronfman, da Louis Lortie, da Jonathan Biss. Wanda ya saurare su zai ji kowa da muryarsa. Daga 1986 zuwa 1997 kuma shi ne daraktan fasaha na cibiyar horar da matasan makaɗa ta Tanglewood.

A nan zan ɗan ratse. A jami'o'inmu, idan lokacin ƙarin girma ya zo, takardun da malami ya wallafa ake ƙirgawa, kuma babu laifi a ƙirga su. Amma ban taɓa ganin fom ɗin da ke da gurbin tambayar ko ɗaliban wane suna iya tunani da kansu bayan sun bar hannunsa ba. Sakamakon haka muna da malamai masu karanto wa aji takardar da suka rubuta shekara goma da suka wuce, da ɗalibai masu mayar musu da ita kalma bayan kalma ranar jarrabawa, kowa ya rabu da kowa lafiya. Wannan ma ture ɗalibi ne daga kujera, illa dai an yi shi da alli. A duniyar kiɗa ma akwai masu kallon koyarwa a matsayin mafakar wanda dandali ya ƙi. Fleisher ya fara koyarwa tun yana kan ganiyarsa, a shekarun da yake naɗar faya-fayan Cleveland, saboda haka wannan zargi bai taɓa kama shi ba.

Ba na cikin masu cewa ciwon alheri ne gare shi. Magana ce mai sauƙin faɗa ga wanda hannuwansa biyu ke lafiya. Mutumin ya rasa shekara talatin na tsakiyar rayuwarsa, shekarun da makaɗi ke nuna, kuma bai taɓa daina neman hannunsa ba, kusan kullum sai ya gwada shi. A 1982, bayan tiyata a wuyan hannu, aka shelanta cewa ya warke, ya fito da hannu biyu a bikin buɗe sabon zauren Meyerhoff na Baltimore, ana nunawa a talabijin. An shirya zai kaɗa konceto na huɗu na Beethoven, amma da ranar ta matso sai aka sauya da wani kiɗan César Franck da bai kai shi wahala ba. Jama'a suka tafa, jaridu suka yi murna, shi kuwa ya san hannun bai dawo ba. Ya koma wa hagunsa na wasu shekaru goma sha.

Sauƙi ya zo a shekarun 1990 ta hanya biyu: wata irin tausa mai zurfi da ake kira Rolfing, da allurar Botox, wadda ke sassauta tsokar da ke ɗaurewa har yatsun su miƙe. Allurar ba ta warkarwa, ƙarfinta na gushewa bayan 'yan watanni sai an sake. A 1995 ya kaɗa wani konceton Mozart da hannu biyu tare da ƙungiyar Cleveland, wadda ta tafi ta bar shi shekara talatin baya. A 2003 ya yi wasa shi kaɗai a zauren Carnegie na New York, a 2004 kuma ya fitar da faifan da ya sa wa suna Two Hands, wato hannu biyu, wanda ke ɗauke da sonatar ƙarshe ta Schubert. Yana da shekara 76 a lokacin. Ya zaɓi abin da hannun zai iya ɗauka, ya bar abin da ba zai iya ba, kuma wanda ya jera wannan faifai da na samartakarsa zai ji gudu ya ragu, shiru ya ƙaru. An ba shi lambar girmamawa ta Cibiyar Kennedy a 2007, ya kuma wallafa tarihin rayuwarsa a 2010 tare da 'yar jarida Anne Midgette.

Ya rasu a Baltimore ranar 2 ga Agusta, 2020, yana da shekara 92, sakamakon cutar daji. Lokacin annobar korona ne, makarantu na rufe, saboda haka darussansa na ƙarshe ta intanet ya ba da su, yana zaune a gida yana sauraren ɗalibai ta kwamfuta, har zuwa makon da ya gabaci rasuwarsa.