Tsohuwar Fijo Ta Cancanci Fili a Bikin Argungu

Wanda ya taso daga Danwarai ya ratsa Aliero, ya faɗo Jega, ya miƙe hanyar Maiyama, da wuya ya rasa ganin tsohuwar Fijo a bayan wani gareji. An cire tayoyin an ɗora ta kan duwatsu, gilashin gaba ya tsage, kaji sun mayar da kujerar baya akurki. Kowa ya san ƙarshenta: wata rana 'yan jari bola za su zo da guduma, su farfasa ta, su auna a sikeli, a biya mai ita kuɗin kilo. Haka tarihin sufurin ƙasar nan yake narkewa a tukunyar masu sarrafa ƙarfe, alhali wasu ƙasashe suna kashe maƙudan kuɗi don adana irinsa.

Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara a Turai a 1969. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, kuma ba da jimawa ba gwamnatin soja ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. A wajenmu ita ce motar hakimi, ita ce motar amarya. Doguwar wagon kuwa ita ta riƙe tashoshi, daga Jega zuwa Sakkwato ko Yawuri, sannan a-kori-kura ta sha lodin buhunan albasar Aliero har bayanta ya kusa taɓa ƙasa.

Ba banza ta yi wannan ƙarko ba. Injinta yana gaba, ƙarfinsa yana zuwa tayoyin baya, saboda haka lodi yana ƙara mata riƙon ƙasa a yashi da taɓo. Farfelar da ke kai juyin inji baya tana cikin bututun ƙarfe, ƙura da duwatsun hanya ba sa kai mata. Ƙafafunta suna da dogon wasa, tana shanye rami ba ta fasa gindi. Mafi muhimmanci, babu kwamfuta a jikinta. Kaburata ce ke gauraya mai da iska, kuma bakanike zai kwance ta a gindin bishiya, ya wanke sassanta a gwangwanin fetur, ya hure toshewar da bakinsa, ya ɗaura, mota ta tashi. Wannan ginin ne ya sa ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, a hannun Ove Andersson ɗan ƙasar Siwidin.

A Turai masu irin waɗannan motoci ƙungiya suke yi. Ƙungiyar duniya ta masu motocin tarihi, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta ɗauki shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin shekarun motar tarihi, muddin an riƙe ta a kamanninta na asali. Da wannan ma'auni, Fijon da ta fito daga Kaduna a 1990 ta daɗe da shiga sahu. A Ingila, duk farkon watan Nuwamba motocin da aka ƙera kafin 1905 suna fita ayari daga Landan zuwa Brighton, tafiyar mil 60 ko kusa da haka, don tunawa da dokar 1896 da ta ɗaga iyakar gudun mota daga mil 4 zuwa mil 14 a awa. Ba tsere ba ne. Burin kowa ya isa lafiya, jama'a kuma su cika bakin hanya suna kallo.

Mu ma ba daga tushe za mu fara ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, ya riga ya san ayarin motoci. Da aka farfaɗo da bikin a watan Maris na 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta jagoranci ayarin motocin da aka haɗa a Nijeriya daga Abuja har Argungu. Shugabanta a lokacin, Jelani Aliyu, ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka, inda ya zana samfurin Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Abu ne mai kyau ƙwarai. Sai dai a ganina ayarin bai cika ba sai an jera uwa kusa da 'yarta, yaro ya ga motar da Kaduna ta haɗa kafin a haife shi tsaye gefen wadda aka haɗa bana.

Sanin darajar tsohuwar mota ba baƙon abu ba ne gare mu. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas, mutane na zuwa ganinta. To motar talaka fa, wadda ta kai majinyaci wurin masu ɗorin Aliero cikin dare, ta kai ɗalibi makarantar kwana, ta raka alhazai? Ita ma shaida ce.

Yanayinmu yana taimaka wa mai son adanawa ta wani ɓangare, yana cutar da shi ta wani. Ƙarancin laima ya sa tsatsa ba ta cin ƙarfe a jihar Kebbi kamar yadda take ci a bakin teku. Rana ce abokiyar gaba: tana dafa roba, ta tsaga tayoyi, ta kashe fenti. Ajiya ba motsi ta fi tafiya kashe mota. Fetur idan ya daɗe a tanki yana zama danƙo ya toshe kaburata, man birki yana jawo ruwa daga iska ya ɓata birkin daga ciki, batir ya mutu, ɓeraye su ci wayoyi. Maganin ba tsada: rumfa, tayar da inji a zagaya da motar a kai a kai har ya yi zafi sosai, da sauya mai da ruwan lagireto a kan kari.

Babbar asarar da nake tsoro ta kanikawa ce. Dattawan da ke gane ciwon inji da kunne suna ƙarewa, yaran gareji kuma sun koma na'urar gwaji. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero za ta iya sayen 504 ɗaya, ta gayyato tsohon bakanike daga Jega ya kwance ta gaban ɗaliban injiniya, su mayar da ita sabuwa tare. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saura haɗin kai. Masu tsofaffin Fijo da Marsandi da Landiroba a Jega da Aliero da Maiyama su zauna da ƙungiyar direbobi da ta kanikawa, a rubuta kowace mota da shekararta da aikin da ta yi. A duba birki da taya da takardu, a sanar da jami'an kiyaye haɗurra, a tafi a jere ba ganganci, ta Birnin Kebbi zuwa Argungu. Masarautar Argungu da gwamnatin jiha kuma su ware musu fili, ko da a harabar gidan tarihi na Kanta ne. Kai kuma mai tsohuwar Fijo a ƙofar gida, Allah ya ba ka haƙuri, kada ka sayar wa 'yan jari bola. Ka yi mata rumfa kafin damina.