Kafin ka kira birkila ya gina maka kwamin kifi a bayan gida



Bara cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke hana mutum barci, kawuna ya kira ni in zo in duba wani fili a bayan gidansa. Ya yi ritaya, an biya shi kuɗin sallama, kuma ya je biki wani otal a Abuja ya ga wurin ninkaya, ruwa garau ana hango ƙasansa. Ya ce da ni, “Ɗan nan, irinsa nake so, ɗan madaidaici dai, jikoki su riƙa wanka. In an gaji da shi sai a zuba kifi, ka ga an samu na cefane.”

Na ce, “Kawu, Allah ya ƙara girma, abu biyu ne daban.” Ruwan ninkaya ba ya zama garau sai da kilorin da injin tacewa da zai riƙa aiki sa'o'i kullum, ga ƙurar hunturu da za a yi ta kwashewa. Kilorin ɗin nan kuwa guba ne ga kifi. Wurin ninkaya mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita 1.4 yana cin ruwa kusan lita 45,000, kuma ko sisi ba ya dawo da shi. Da ya ji haka sai ya ce to a bar ninkaya, a gina kwamin kifi gaba ɗaya, gobe ma a kira birkila.

A nan ne na roƙe shi ya dakata mako guda mu yi lissafi. Lissafin da muka yi shi ne nake so in kawo muku yau, don da yawa cikinmu abin da ke fara zuwa mana shi ne kuɗin bulo da siminti. Alhali gini shi ne mafi sauƙi a harkar nan. Abin da ke kayar da mutane ruwa ne, da abinci, da kasuwa.

DAGA INA RUWAN ZAI FITO?

Mu ɗauki kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, ruwan cikinsa ya kai zurfin mita 1. Lita 6,000 ke nan, wato jarka 240 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Cikawar farko ba ita ce matsala ba. Tarwaɗa tana fitar da amoniya cikin ruwa, ga kashinta, ga ragowar abincin da ke ruɓewa a ƙasa. A tafkin ƙasa, laka da tsirrai suna ɗan rage wannan datti. A kwamin siminti ko na tamfol babu mai rage shi sai kai.

Kifi yana ƙarami za ka iya rage ruwan bayan kwana biyu ko uku. Da ya fara girma, abin yakan koma kusan kullum. Ko kashi ɗaya cikin uku kawai za ka sauya, lita 2,000 ne, jarka 80. Je ka tambayi mai garuwar unguwarku nawa ne jarka, ka ninka sau 80, ka sake ninkawa da kwanakin wata. Za ka gane da kanka cewa ba a kiwon kifi da ruwan saye.

Don haka tambayar ita ce: kana da rijiyar burtsatse ko rijiya mai ƙarfi? Kuma tana bayarwa a watan Afrilu da Mayu, ko kuwa da damina kaɗai take cika? Da me za ka ja ruwan in babu wuta kwana uku? In ruwan famfo ne, sai ka tara shi a tanki a buɗe kwana ɗaya ko biyu, kilorin ya fita, kafin ya taɓa kifi.

Mutane sukan ce ai tarwaɗa tana da jimiri. Gaskiya ne, tana iya leƙowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa take rayuwa inda karfasa za ta mutu. Amma rayuwa daban, girma daban. Kifin da ke cikin ruwa mai wari yakan daina cin abinci, ka gan shi ya rataye a tsaye a saman ruwa. Kwanaki suna tafiya, nauyi ba ya ƙaruwa.

INA RUWAN ZAI TAFI?

Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa, kuma ita ke haɗa mutum da maƙwabta. Ruwan da ya fito daga kwamin manyan kifi yana da ƙarni sosai. In lita 2,000 kullum za ta bi ta ƙofar gidan maƙwabcinka ta kwanta, sauro ya samu gida, yara su yi ta faɗawa, to ba za a daɗe ba za ka ji sallamar ɗan aiken mai unguwa. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne, ba sai na tunatar da kowa ba.

Kar ka ce za ka juya shi cikin sokawe na gida, zai cika shi cikin ɗan lokaci. In akwai babbar lambatu mai gudu, ja bututu har cikinta. In akwai sauran fili, yi ɗan lambu: ayaba, zogale, alayyafo da rama duk suna son ruwan kifi saboda takin da ke cikinsa. Amma ka auna tukuna. Lambu mai faɗin tabarma biyu ba zai shanye jarka 80 kullum ba.

Sai kuma nauyi. Lita 6,000 tan 6 ce, ban da nauyin ginin kansa. Ba a ɗora wannan a kan murfin sokawe ko a jingina shi da katangar maƙwabci ko bangon ɗaki, don damshi yana cin gini a hankali. In gidan haya kake, maganar siminti ma ba ta taso ba sai da yardar mai gida a rubuce.

KUƊIN ABINCI YANA HANNU?

A kwami irin wanda muka ɗauka, mai farawa zai iya zuba tarwaɗa 400. Mu ƙaddara 360 suka kai labari, kowanne ya kusa kilo 1. Da abinci mai kyau irin mai yawo a saman ruwa, kilo 1 na kifi yakan ci wajen kilo 1.2 na abinci. Kilo 432 ke nan, kusan buhu 29 mai kilo 15.

Farashi yana canzawa kullum, saboda haka wannan misali ne kawai, kai ka sa na kasuwarku. In buhu naira 25,000 ne, buhu 29 ya tashi naira 725,000. Raba wa kilo 360, za ka ga kowane kilo na kifinka ya ci sama da naira 2,000 a abinci kaɗai, ba a sa kuɗin 'ya'yan kifi ba, ba a sa fetur ko wuta ba, ba a sa wahalarka ba. Yanzu je ka tambayi nawa dillalai ke sayen kilo a bakin kwami, ba nawa ake sayar wa mai farfesu a kasuwa ba. Abin da ya rage tsakani shi ne ribarka.

Ga inda tarkon yake. A wata na farko kifi 400 ba su cinye komai, sai ka ji harkar da sauƙi. Mafi yawan buhunan nan a watanni biyu na ƙarshe ake cinye su. Wanda ya zuba jarinsa duka a gini, sai a wata na huɗu kuɗi su yanke, ya koma ba su dusa da ragowar tuwo. Kifi ya tsaya cak, ruwa ya ƙara lalacewa, dillali ya zo ya ga halin da ake ciki ya taya yadda ya ga dama. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba ka da kuɗin abincin duka a ajiye, rage yawan kifin har ya yi daidai da aljihunka. Kifi 150 da suka ƙoshi sun fi 500 masu yunwa.

KWAMI ƊAYA BA YA ISA

Tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. A cikin kowane zubi akwai waɗanda ke zarce sa'o'insu girma, kuma su ne ke haɗiye ƙanana da dare. Ka zuba 400, ba ka ga gawa ko ɗaya ba, ranar kwasa ka ƙirga 270 ka ce an yi maka sata. Maganinsa tantancewa: bayan mako biyu ko uku a watannin farko, ka ware manya daban, ƙanana daban. Wannan kuwa sai da wuri na biyu. Ƙananan kwami biyu sun fi babba guda ɗaya amfani. Mai farawa kuma ya fi kyau ya sayi 'ya'yan da suka ɗan tasa, 'yan mako 6 zuwa 8, a wurin mai ƙyanƙyasar da wasu suka gwada suka yaba. Sun fi tsada kaɗan, amma sun fi jure hannun sabon shiga.

YARA

Wannan ta fi duk lissafin da ke sama muhimmanci, kuma ta shafi kwamin kifi da wurin ninkaya baki ɗaya. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, cikin 'yan mintoci, ba tare da an ji kukansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nuna cewa ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa. Kifi kuma yana jan hankalin yaro, zai nemi kujera ko bokiti ya taka ya leƙa. In akwai yara a gidan, ko masu shigowa daga maƙwabta, shinge da ƙofa mai kwaɗo suna cikin kuɗin gini tun farko, ba abin da za a yi in an samu hali ba ne. Sa raga mai ƙarfi a sama, za ta kuma hana kifi tsallewa, ta tare tsuntsu da kyanwa.

SIMINTI KO TAMFOL?

Kwamin siminti yana daɗewa in an yi shi da kyau: bulo mai inci 9 da aka cika da kankare, rodi a kusurwa, daɓe mai gangara zuwa bututun fitar ruwa, da bututun da zai zubar da rarar ruwan sama. Amma in ya tsage gyaransa ciwon kai ne, in ka fasa harkar kuma yana nan ya tare maka fili. Sabon siminti ma yana kashe kifi, sai an jiƙa shi da ruwa kamar mako biyu ana zubarwa ana wankewa kafin a zuba ko ɗaya.

Tamfol ya fi araha nesa ba kusa ba, ana kafa shi a yini ɗaya, ana naɗe shi in an tashi. Rauninsa shi ne rana tana cinsa, ɓera da ƙusa suna huda shi, ruwansa kuma yana saurin ɗaukar zafi da sanyi. Tarwaɗa ta fi girma a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Da hunturu, Disamba da Janairu, cinta yana raguwa, watannin kiwo su ƙaru. Da bazara kuma sai an yi rumfa. Duk da haka, ga mai gwaji, tamfol ne hanya. Kuskuren da ka yi a tamfol na mako ɗaya ne, wanda ka yi a siminti yana nan shekaru.

ABIN DA KAWU YA YI

Da muka gama lissafi, abu biyu suka fito fili. Rijiyarsa tana ja baya sosai kafin saukar damina, kuma babu lambatu a layinsu. Sai ya haƙura da birkila. Muka kafa tamfol biyu a ƙarƙashin rumfa, muka kewaye da waya aka sa ƙofa, aka dasa ayaba da zogale a sauran filin. A watan Yuni ya zuba kifi 300, bayan ya ware kuɗin abincinsu gefe guda. Tun suna wata uku ya fara zagayawa wurin masu farfesu da masu banda na kusa, ya ji girman da kowa ke so. Masu banda ba su damu da manya ba, masu farfesu kuwa manya suke nema.

A watan Nuwamba aka kwashe. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, ya ma yi asarar wasu a makon da injin jan ruwa ya lalace. Amma kuɗin sallamarsa suna nan, bai yi faɗa da kowa a unguwa ba, jikoki kuma lafiya lau. Da na tambaye shi ko yanzu za a gina na simintin, sai ya ce, “A'a ɗan nan, kuɗin bulon nan burtsatse da sola zan fara yi da su. Na gane ruwa ake kiwo, kifi biyo baya yake yi.”

To ɗan uwa, 'yar uwa, kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, ɗauki biro da takarda ka rubuta: daga ina ruwa zai zo a watan Afrilu, ina zai tafi, buhu nawa zan iya saya yau, wa zai saya a hannuna, kuma me zai raba yara da wurin. In ka amsa duka biyar, bismillah, fara da tamfol biyu. In ɗaya ta gagara, gyara ta tukuna, filin ba inda za shi.

Allah ya sa wa nemanmu albarka.