Bayani a kan Hanyar Shimfiɗa da Kuɗin Hatsi a Kasuwar Jibiya

Ana yawan tambayarmu ranar Lahadi a kasuwar Jibiya: me ya sa gero yake araha a ƙauye, amma in ya iso gari sai ya yi tsada kamar daga Maraɗi aka tsallako da shi? To, amsar tana kan hanya, da yawan mutanen da hanyar take kaiwa gare su.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Jibiya mutum 169,748. Amma ba wuri ɗaya suke ba. Akwai na bakin kwalta, daga Katsina zuwa Daddara, Magama, har Ɗan Isa cikin Nijar. Akwai kuma na lungu, irin Shimfiɗa da ƙauyukan da ke kewaye da ita ta wajen daji. Lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Ku lura, mai mota ba ya shiga ƙauye sai ya san zai cika lodi, ya kuma sami fasinja zuwa da dawowa. In gari da jama'a, mota ta zo, kuɗin dako ya rabu kan buhu da yawa, kowane buhu ya ɗauki kaɗan. In mutane suka ragu, lodi ba ya cika, sai direba ya ce ba ta biya. Daga nan sai babur, wanda buhu ɗaya ko biyu yake ɗauka, ko amalanken shanu ta wuni a hanya. Buhu mai tiya 40, duk abin da aka ƙara wa dakonsa, ko dai a zabge wa manomi can, ko a ɗora wa mai saye nan. Galibi ma duka biyun ake yi. Dillali kuwa shi ke shan zagi a tsakiya, alhali ba aljihunsa kuɗin ya shiga ba.

Mun gani da idonmu. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda 'yan bindiga, ta hana sayar da fetur a jarka. Babur ɗin ƙauye kuwa da man jarka yake rayuwa. A Maris 2022 aka janye sojoji daga Shimfiɗa, jama'a suka taso da ƙafa, mata da yara, aka sauke su a makaranta cikin Jibiya. Ba a mayar da su ba sai da damina ta yi nisa. Ku duba fa: mutanen da a da suke kawo mana hatsi, a shekarar nan su ne suka dawo masu awo da tiya. Kaya ya ragu, baki ya ƙaru, a kasuwa ɗaya.

Ga iyaka ita ma. An rufe ta a Agusta 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sai Maris 2024. A tsakani kuma aka cire tallafin fetur a Mayu 2023, dako ya tashi ko'ina, amma na lungu ya fi jin jiki.

Wasu sun sa rai ga jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, tunda layinsa ta Jibiya ya bi. Madalla. Sai dai jirgi a tasha yake tsayawa, ba ya zuwa bakin rumbu.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka ba yaronka kuɗi ya shiga ƙauye sari, ka tambayi 'yan kamasho a tasha mota nawa ke shiga a mako, kana ka tambaya ko mutanen garin suna kwana a gidajensu. In sun ce sai babur, ka lissafa dako tun kafin ka yi tayi.