KEKE MAI NAƊEWA: ABIN DA YA KAMATA MA'AIKACI YA SANI KAFIN YA SAYA

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Zariya da sassafen ranar Litinin zai ga motoci suna ta kwararowa zuwa birnin Kano cike da ma'aikata da ɗalibai. Waɗansu daga Bebeji da Kiru suka fito. Waɗansu kuwa tun da asuba suka baro Tudun Wada da Doguwa, suka biyo hanyar da ta ratso dajin Falgore ta ɓullo Kwanar Dangora. Amma fa saukar da mota za ta yi da su a Na'ibawa ko Unguwa Uku ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Daga nan sai kowa ya sake neman Adaidaita Sahu, wannan zuwa Sakatariyar Audu Bako, wancan zuwa Gidan Murtala, ɗalibi kuma zuwa Jami'ar Bayero da ke can hanyar Gwarzo. Wannan guntuwar tafiya ta cikin gari, wadda ba a cika sa ta a lissafi ba, tana daga cikin abubuwan da ke rarake albashi.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Tun watan Janairu na 2013 Gwamnatin Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni, sai ya zamana Adaidaita Sahu ne abin hawan talaka. Ran 29 ga Mayu, 2023 kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 kafin wannan rana, ya zuwa watan Oktoba na 2024 ta haura Naira 1,000, kuɗin mota kuwa ya bi ta. A watan Nuwamba na 2024 ne mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano ya koma Naira 71,000. To, alal misali, a ɗauka mutum yana biyan Naira 500 zuwa, 500 dawowa a cikin gari. A kwanakin aiki 22 ya kashe Naira 22,000 ke nan, wato kusan sulusin wancan albashi, ba a ma zo kan kuɗin doguwar hanya ba.

Wannan ne ya sa waɗansu suka fara waiwayar dokin ƙarfe. Keke dai ba baƙo ba ne ga ma'aikacin Arewa. A zamanin En'e, malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti duk a kan keke suke zagaya ƙauyuka, ana ba ma'aikaci bashin saye, shi kuma yana yankar lasisi kowace shekara. Har masana'antar Raleigh aka yi a Kano. Bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ne ma'aikata suka koma kan babur da mota, aka bar keke ga manoma da 'yan makaranta. Sai dai babban keke irin na Raleigh ko Phoenix yana da cikas guda ga mai zuwa daga nesa: ba ya shiga but ɗin Golf ko Sharon cikin sauƙi, in ma ya shiga sai an biya masa kuɗin kaya. A nan ne keke mai naɗewa ya sami gurbi.

ASALINSA

Keke mai naɗewa shi ne wanda aka yi wa gaɓa a tsakiyar ƙarfen jikinsa, da makulli mai riƙe gaɓar. In an buɗe makullin sai keken ya ninku gida biyu, a kwantar da kansa, a zurma sirdin ƙasa, ya koma kamar ƙaramar akwati. Sojoji ne suka fara ganin amfaninsa. A shekarun 1890 wani hafsan Faransa mai suna Kyaftin Gérard ya fito da keken da soja zai naɗe ya goya a baya, a Yaƙin Duniya na Biyu kuma kamfanin BSA ya ƙera wa sojojin laima na Ingila irinsa. Daga baya ya koma hannun ma'aikatan manyan birane. Andrew Ritchie ya fara zana keken Brompton a London a 1975, David Hon kuma ya kafa kamfanin Dahon a Amurka a 1982. Abin lura shi ne, duk waɗannan an yi su ne domin mutumin da zai shiga jirgin ƙasa ko bas, ya sauka ya ƙarasa 'yan kilomitoci da ƙafarsa a kan feda. Domin bakin tafiya aka yi shi, na farko da na ƙarshe, doguwar hanya kuwa ta mota ce.

WA ZAI AMFANA, WA BA ZAI AMFANA BA

Tsakanin Bebeji da Kano ya haura kilomita 40, daga Riruwai kuwa, hedikwatar Doguwa, ya haura 150. Ba mai hankalin da zai ce a tuƙa keke wannan nisa a kuma yi aikin ofis. Saboda haka masu bukatar wannan keke sun kasu kashi uku.

Na farko shi ne ma'aikacin Bebeji ko Kiru mai shiga birni kullum. Shi ne ya fi kowa cin moriya, domin zai hau daga gida zuwa tasha, ya naɗe ya sa a mota, ya sauka ya buɗe ya wuce ofis. A tafiyar hankali keke yana cin kamar kilomita 12 zuwa 15 a sa'a guda, ke nan tafiyar kilomita 5 ba za ta wuce minti 25 ba, kuma cunkoson titi bai cika tsare shi ba.

Na biyu shi ne mutumin Tudun Wada ko Doguwa mai zuwa Litinin ya koma Juma'a, ko ɗalibi mai zama a ɗakin kwanan makaranta. Shi ba naɗewa a mota ce ta fi damunsa ba, wurin ajiya ne. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya ba shi da zaure ko garejin da zai jingine babban keke, kuma abin da ya kwana a waje ɓarawo ne ke gadinsa. Keke mai naɗewa yana shiga bayan ƙofa ko ƙarƙashin tebur.

Na uku shi ne malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka tura daga birni zuwa wani ƙauye, inda mota ke ajiye shi a bakin kwalta. Wannan sai ya yi hattara. Ƙaramar taya tana nutsewa a rairayi, tana faɗawa cikin ramin da babbar taya za ta tsallake, ga kuma hawa da gangara na duwatsun wajen Riruwai. In hanyar ƙauyen ta burji ce mai ƙarfi, keke mai faffaɗar taya da giya zai yi. In ta yashi ce, gara ya sayi babban keke ya ba wani amintacce ajiya a bakin hanya.

Wanda kuwa yake son abin ɗaukar buhun masara ko taki, ko goyon yara zuwa makaranta, to, wannan ba kekensa ba ne. Yawancin masu ƙera shi sun ƙayyade nauyin da zai ɗauka tsakanin kilo 100 zuwa 110, da mahayi da kayansa duka.

ABIN DUBAWA A KASUWA

Kekunan da aka fi samu iri biyu ne: sababbi masu araha, da na hannu waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Kowanne yana da nasa aibu, saboda haka kada a yi cinikin biri a sama. A je da ƙafa, in da hali a tafi da mai gyaran keke wanda aka yarda da shi.

Abu na farko shi ne gaɓar naɗin, domin ita ce ran keken. A kulle ta, a danne birkin gaba, a girgiza keken gaba da baya. In an ji tana motsi ko tana ƙara, a ajiye shi. A goge ƙura a duba gefen waldar da kyau, ko akwai tsaga komai ƙanƙantarta, ko an shafa sabon fenti a wurin kaɗai don ɓoye gyara. Haka kuma a duba makullin da ke riƙe kan keken, a tabbata yana da ɗan harshen da ke hana shi buɗewa da kansa. Gaɓar da ta buɗe ana cikin gudu a tsakiyar motoci ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba. Daɗin daɗawa, keken alminiyom ya fi sauƙin ɗauka, amma in ya tsage mai waldar bakin titi ba zai iya mai da shi yadda yake ba.

Abu na biyu shi ne taya. Ta babban keke inci 28 ce, ta mai naɗewa kuwa galibi inci 16 ko 20. Amma akwai tarko a nan wanda masu saye da dama ba su sani ba. Taya mai inci 20 iri biyu ce, akwai mai lamba 406 da mai lamba 451. Mai inci 16 ma haka, akwai 305 da 349. Waɗannan lambobi awon gargaren ne da milimita, a jikin tayar ake rubuta su, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Masu lamba 406 da 305 su ne irin na kekunan yara, shi ya sa aka fi samunsu a wurin masu kayan keke. Wanda ya sayi mai 451 ko 349, ranar da tayarsa ta fashe a Tudun Wada yana iya yin kwanaki yana cigiya. Ga hanyoyin ƙasar nan, mai inci 20 da lamba 406 ita ta fi dacewa. A kuma sani cewa ƙaramar taya ta fi yawan juyawa: inda mai inci 28 za ta juya sau 10, mai inci 20 sai ta juya sau 14, don haka ta fi saurin cinyewa, ita da robar birki.

Abu na uku shi ne nauyi. Masu kyau suna tsakanin kilo 10 zuwa 14, masu araha na baƙin ƙarfe sukan wuce haka. Mai saye ya naɗe keken da hannunsa sau biyu ko uku, ya ɗauka ya yi taku kamar hamsin da shi. In ya gagare shi a kasuwa, zai fi gagararsa a matakalar bene. Na huɗu kuma tsawon sirdi. A jikin sandar sirdin akwai alamar da ba a so a ja ta wuce. Dogon mutum da sai ya wuce alamar kafin ƙafarsa ta miƙe, keken ya yi masa kaɗan, in ya matsa sandar za ta lanƙwashe ko ta fasa mazauninta.

Kafin a biya kuɗi kuma, ya kamata a je tasha a yi magana da direbobin da aka saba shiga motarsu. In za su riƙa karɓar kuɗin kaya kullum a kan keken, ribar ta tafi. Yawanci in an sa shi cikin buhu ko jaka, ba ya ɓata kayan mutane da baƙin mai, rigimar takan ragu. Lissafin kansa mai sauƙi ne: a raba kuɗin keken da abin da ake kashewa a cikin gari kowane wata, amsar ita ce yawan watannin da zai yi kafin ya biya kansa. A ƙara wata ɗaya ko biyu saboda faci da taya da ranakun da ruwa zai hana hawa.

HATSARIN TITI

Ba za a ɓoye ba, titunan Kano ba a yi su da mai keke a zuciya ba. Gadojin sama irin na Dangi da Ƙofar Nasarawa sun sauƙaƙa wa motoci, amma mai keke ba shi da layinsa, yana tsakanin tirela da Adaidaita Sahu mai tsayawa ba sanarwa. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, wata bas ta ture shi cikin rami a Abuja yana kan kekensa. In haka ta sami minista, ƙaramin ma'aikaci sai ya ninka kula. Ya tanadi fitila gaba da baya, da ƙararrawa, da hular kwano. Ya bi ta lungunan unguwa inda hali ya yi, ko da tafiyar ta ɗan ƙaru. Kada ya bi hannun da ba nasa ba, ya kuma tattare bakin riga da ƙafar wando kada sarƙa ta kama. Da bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, a yi sammako a riƙe ruwa. Da hunturu a riƙa goge ƙura daga sarƙa da gaɓa, da damina kuma a ɗiga musu mai kada tsatsa ta ci su.

Hukuma ma tana da nata rabon aikin, kuma ba mai tsada ba ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ran 3 ga Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya tun 2018, amma bikin rana ɗaya ba ya kai ma'aikaci ofis. Ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, da ma'aikatun jiha, suna iya farfaɗo da bashin keke wanda za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi, kamar yadda aka yi wa iyayen ma'aikatan yau. Makarantu da sakatariyoyi suna iya keɓe rumfa mai maigadi domin ajiya. Ƙungiyar direbobi kuma tana iya tsai da magana guda a kan kuɗin ɗaukar keken da aka naɗe, don kada kullum a yi ta ciniki a bakin but.

Kafin a kai ga wannan, shawara ga mai niyyar saye ita ce ya ɗauki mako guda yana rubuta abin da yake kashewa daga tasha zuwa wurin aiki, ya auna nisan, ya dubi irin hanyar. In nisan bai wuce kilomita 7 ko 8 ba, hanyar kuma kwalta ce ko burji mai ƙarfi, to, ya nemi mai gyaran kekensa su tafi kasuwa tare, su fara da duba gaɓa da lambar taya kafin a zo maganar kuɗi.