Yadda Doka Ke Kare Yara Daga Talla: Misalin Lardin Kebek

Kalmar talla tana da ma'ana biyu a Hausar yau. Akwai tallar da yarinya ke yi da faranti a ka, akwai kuma wadda kamfanoni ke biyan kuɗi a sa musu a rediyo, talabijin, jarida ko intanet. A wannan takarda ta biyun muke nufi. Za mu duba yadda Kebek, lardin masu magana da Faransanci a ƙasar Kanada, ya hana a yi wa yara irin wannan talla, da kuma inda dokar ta gaza.

Dalilin dokar

Babba idan ya ga talla, ya san mai kaya ne ke yabon kayansa. Ƙaramin yaro kuwa bai san haka ba. A wurinsa, abin da zanen barkwanci ya faɗa a cikin shiri da abin da ya faɗa a cikin talla duk ɗaya ne. Ga shi kuma yaro ba ya riƙe da kuɗi, sai dai ya matsa wa iyayensa da kuka har su saya. Wato mai talla yana bi ta kan wanda ba zai iya kare kansa ba don ya kai ga aljihun wani.

Abin da dokar ta ce

A shekarar 1978 majalisar Kebek ta zartar da dokar kare masu sayayya, sashe na 248 da na 249 kuma suka fara aiki a 1980. Sashe na 248 ya haramta tallar kasuwanci da aka nufi yara 'yan ƙasa da shekara 13 da ita. To, yaya za a gane tallar da aka nufi yaro da ita? Nan wahalar take, domin kowane kamfani zai iya cewa iyaye yake yi wa magana. Saboda haka sashe na 249 ya kawo ma'auni uku. Na farko, irin kayan da kuma wanda aka yi su dominsa. Na biyu, yadda aka tsara tallar, misali muryar yara, dabbobi masu magana, ko waƙa mai saurin kama baki. Na uku, lokaci da wurin da aka nuna ta. Tallar mota a cikin labaran dare ba laifi ba ce, amma tallar 'yar tsana a tsakiyar shirin yara na safiyar Asabar ta saɓa wa doka.

Shari'ar Irwin Toy

Wani kamfanin kayan wasa mai suna Irwin Toy ya kai ƙara, yana cewa an tauye masa 'yancin faɗar albarkacin baki. Maganar ta kai Kotun Ƙoli ta Kanada, wadda ta yanke hukunci a 1989. Alƙalai uku daga cikin biyar sun yarda cewa talla ma magana ce da tsarin mulki ya kare, amma suka ce gwamnati tana da hujjar taƙaita ta don kare waɗanda ake iya ruɗa cikin sauƙi. Sauran biyun ba su amince ba. Da haka dokar ta tsira, kuma an yi aiki da ita. A 2009 kamfanin Saputo ya amsa laifin tallata wani kek mai suna Igor a wuraren renon yara, aka ci shi tarar dalar Kanada 44,000.

Inda dokar ta gaza

Da farko, dokar ta bar ƙofa a buɗe ga hoton da ke jikin kwali da kayan da aka jera a kanti. Babbar matsalar kuwa ita ce iyaka, domin ikon Kebek bai kai ga tashoshin da ke watso shiri daga Amurka ko wasu lardunan Kanada ba. Wani bincike da Tirtha Dhar da Kathy Baylis suka wallafa a 2011 ya nuna haka: gidajen masu Faransanci sun rage sayen abincin gaggawa irin na su McDonald's, amma ba a ga wannan ragi a gidajen masu Ingilishi ba, waɗanda 'ya'yansu ke kallon tashoshin waje.

Suwidin ma ta gamu da irin wannan. A 1991 ta hana tallar talabijin ga yara 'yan ƙasa da shekara 12, amma a 1997 kotun Tarayyar Turai ta ce ba za ta iya ɗora wannan hani a kan tashoshin da ke watsowa daga wata ƙasar tarayyar ba, kamar TV3 da ke Ingila a lokacin.

Zuwan wayar hannu ya ƙara dagula al'amarin. A 2019 hukumomin Amurka sun sa Google da YouTube biyan dala miliyan 170 kan zargin tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, bayanan da ake amfani da su wajen aika wa kowane yaro tallar da ta dace da shi.

Kammalawa

Misalin Kebek ya nuna cewa doka tana yin tasiri idan ta fayyace abin da ta hana, kuma aka hukunta wanda ya karya ta. Ya kuma nuna cewa ƙarfinta a bakin iyaka yake ƙarewa. Ƙasashenmu, inda yawancin abin da yara ke kallo daga waje yake shigowa ta tauraron ɗan Adam da waya, suna bukatar haɗa kai da maƙwabta kafin irin wannan doka ta yi amfani. Kafin nan, nauyin yana kan iyaye da malamai su koya wa yaro cewa mai talla ciniki yake nema.