Yadda Za A Sami Hoto Garau Daga Waya Zuwa Talabijin

Ina so in yi amfani da wannan fili in yi bayani a kan wani abu da ke cin kuɗin mutane a banza a garuruwanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum. Sau da yawa mutum zai ga bidiyo garau a wayarsa, amma da zarar an kai shi talabijin don iyali su kalla tare, sai fuskoki su dagule, rubutu ya ƙi karantuwa. Nan take sai a ɗora wa talabijin laifi, har maigida ya fara shawarar sayar da buhunan gero ya tafi Gusau ko Sakkwato ya sayo babba. Ni kuwa a ganina, galibi bidiyon ne ya iso a raunane tun kafin a kunna shi.

Da farko ya kamata mu san cewa kowane hoto na waya ko na talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera, kamar yadda mai ɗinkin hula yake jera zare har zane ya fito. Lambobin nan da muke gani, watau 480p da 720p da 1080p, suna faɗin yawan layukan ɗigon ne daga sama zuwa ƙasa. Alal misali, 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600 ke nan. Shi kuwa 720p yana da 921,600, sa'an nan 480p bai wuce wajen 410,000 ba. Fuskar waya 'yar ƙarama ce, sabo da haka ko 480p yakan yi kyau a kanta. To, amma idan aka ba talabijin mai ɗigo miliyan biyu bidiyo mai ɗigo dubu ɗari huɗu, tilas ya cike sauran gurbin da kintace. Kamar a dama furar mutum ɗaya ne wa mutum biyar: ƙwaryar za ta cika, amma ruwa ne.

Ina bidiyon yake rasa ɗigonsa? Mafi yawa a hanyar turawa. WhatsApp yana matse duk bidiyon da aka aika ta hanyar da aka saba, domin ya rage cin data, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa har abada. Sai ka ga an ɗauki bidiyon ɗaurin aure ko hawan salla da waya mai kyau, amma da ya bi ta hannu uku ko huɗu, ko amaryar ba a iya ganewa. A 2023 kamfanin ya ƙara wani maɓalli mai suna HD, wanda ya rage ɓarnar, amma duk da haka akwai matsi. Wanda yake so bidiyo ya isa yadda aka ɗauke shi, sai ya aika shi a matsayin fayil, irin yadda ake aika takarda. Idan kuwa ku biyun kuna wuri ɗaya, Xender ya fi, don shi kwafe fayil yake yi ɗungurungum, kuma ba ya bukatar data. Haka nan in an je wurin masu tura finafinai a kasuwa, a tambaye su babban kwafi. Su ma ba mugunta suke yi ba, suna ƙanƙanta fim ne don mimori ɗaya ya ɗauki da yawa, abin da masu saye ke so ke nan.

Masu kallo a YouTube, ko darasin lissafi ne don shirin WAEC da NECO ko wani shirin Hausa, su sani manhajar da kanta take rage hoto in sabis ya yi rauni. Ana iya zaɓar 720p ko 1080p da hannu, sai dai 1080p yana iya lashe fiye da gigabait 1 cikin awa guda. Ga ɗalibi irina, 720p ya wadatar a karanta abin da malami ya rubuta a allo.

Yanzu kuma sai hanyar da bidiyon zai bi ya shiga talabijin. Wadda na fi yarda da ita, ko da yake ita aka fi rainawa, ita ce filashi. A kwafe bidiyon daga waya zuwa filashi ta ɗan mahaɗin nan da ake kira OTG, sa'an nan a soka filashin a ramin USB na talabijin. Ta haka talabijin zai karanta ainihin fayil ɗin, ba tare da an sake matse shi ba, waya kuma ta huta, batirinta bai ƙare ba, abin da ke da muhimmanci a inda sola da janareto ne madogara. Ba ta kuma bukatar sabis. Mu mutanen Zamfara mun san darajar wannan, tun da a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar baki ɗaya na tsawon makonni sabo da matsalar tsaro, kuma abin da ke cikin mimori da filashi kaɗai ya rage wa mutane. Abu biyu za a kiyaye. Fayil irin MP4 shi ne kusan kowane talabijin yake ganewa. Sa'an nan filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4.

Igiyar HDMI ita ma tana ba da hoto mai kyau ƙwarai, tare da sauti, amma a nan ne ake yawan asarar kuɗi. Ganin cewa bakin igiya ya shiga ramin cajin waya ba ya nufin wayar za ta fitar da hoto. Sai an gina mata wannan iko tun daga masana'anta. Manyan wayoyin Samsung tun daga Galaxy S8 ta 2017 suna da shi, haka ma iPhone 15 ta 2023, amma da yawa daga cikin wayoyi masu sauƙin kuɗi da muke riƙewa ba su da shi, ko da raminsu USB-C ne. Don Allah, iyayenmu, a tafi shago da wayar a gwada a gaban mai kaya kafin a biya. Ita kuwa tsohuwar igiyar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, ba ta wuce layi 576, ko me aka tura mata.

Akwai kuma haska fuskar waya a talabijin ba tare da igiya ba, wanda Samsung ke kira Smart View, wasu kuma Miracast. Yana da daɗi wajen nuna hotuna, amma wayar tana sake matse abin da ke fuskarta ne tana aikawa, shi ya sa yakan sarƙe, ko murya ta riga baki. Ga kuma tonon asiri, don duk saƙon da ya shigo sai kowa a ɗakin ya karanta!

Game da talabijin ɗin kansa, girma daban, yawan ɗigo daban. Da yawa daga cikin masu inci 32 ɗigonsu 1,366 ne a kwance da 768 a tsaye. Wannan ba abin damuwa ba ne, gama wanda ya zauna a tabarma mita 3 daga irin wannan talabijin da wuya idonsa ya bambance 720p da 1080p. Babban nan mai 4K kuwa, mai ɗigo 8,294,400, idan bidiyon WhatsApp za a riƙa ba shi, ƙara fito da aibin zai yi. Abin da ba ya cin ko kwabo shi ne a ɗauki rimot a mai da girman hoto 16:9, don kada mutane su fito a baje. Mai ɗaukar bidiyon biki kuma ya duba ko kyamararsa tana kan 1080p, ya goge gilashinta, ya kwantar da wayar a kwance, in ba haka ba baƙi ne zai cinye dama da hagun talabijin, taron duka ya matsu a tsakiya.